Zaman Gidan Haya: Abin da Za Mu Koya wa 'Ya'yanmu Kafin Su Tafi Birni

Da wuya a sami ikilisiya a ƙauyukanmu wadda ba ta da 'ya'ya a birni. Wasu makaranta ce ta kai su, wasu neman aiki, wasu kuwa tashin hankali ne ya kore su, kamar iyalan da suka baro Gwoza, Madagali da Michika a shekarar 2014 suka nufi Yola, Jos da kewayen Abuja. Yawancinsu a gidan haya suke sauka, irin wanda ɗakuna ke jere suna kallon juna, iyali takwas ko goma suna amfani da banɗaki ɗaya, kicin ɗaya da igiyar shanya ɗaya. Irin waɗannan gidaje suna da yawa a Tudun Wada ta Jos, Sabon Tasha ta Kaduna, Nyanya da Mararaba.

Idan muka ziyarci waɗannan iyalai, kukan da muka fi ji bayan na kuɗin haya shi ne na maƙwabta. Maganar takan fara daga bokitin ruwa ko kuɗin wuta, ta ƙare a ofishin 'yan sanda, ko mai gida ya ce kowa ya tashi. Iyalin da ya biya hayar shekara da kuɗin amfanin gona ba shi da ƙarfin sake neman wani ɗaki.

Me ya sa zaman birni ya bambanta?

A ƙauye kakanninmu sun san kakannin maƙwabcinmu. Kowa yana da gidansa da dangarsa, kuma idan an saɓa akwai dattijo ko mai unguwa da kowa ke jin maganarsa. A gidan haya bango ɗaya ne tsakaninka da mutumin da ba ka taɓa gani ba. Yarenku daban, wataƙila addininku daban, lokacin barcinku ma daban, domin shi aikin dare yake yi a asibiti ko gadi. Babu dattijon da ya haɗa ku. Saboda haka abin da al'ada take yi mana a gida ba tare da mun yi magana ba, a birni sai an zauna an yi shi da baki, kuma tun da wuri. Tun ran gini ran zane.

Banɗaki, ruwa da shara

Nan ne faɗa ya fi yawa, nan ne kuma cuta take shiga. A rubuta jerin wanda zai wanke banɗaki da tsakar gida kowace rana, a manna a bango. Gwauro ma yana cikin jerin; idan ba zai iya ba, ya biya wanda zai yi masa. A zubar da kashin yara a masai nan take, kada a bar fo a tsakar gida. A sa guga ɗaya ta rijiya, a rataye ta, kada kowa ya jefa bokitin da ya ajiye a ƙasa. Idan za a haƙa sabon masai, masana lafiya sun ce ya yi nisan mita 30 daga rijiya. Inda fili bai kai ba, a tafasa ruwan sha ko a sa masa maganin tsabtace ruwa.

Wannan ba maganar kyan gani kaɗai ba ce. A shekarar 2021 cutar kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka mutu. A gidan da ake tarayya da banɗaki, idan ta shiga ɗaki ɗaya sauran ɗakunan ba su tsira ba. Haka nan ruwan da ya kwanta a kwata: cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ƙwan sauro ya zama sauro, kuma ba ya tambayar wa ya zubar da ruwan.

Kuɗin wuta

Gidaje da yawa mita ɗaya gare su. Idan an raba kuɗin daidai wa daida, mai ƙwai biyu da fanka zai ga an zalunce shi. Yana da gaskiya. Ƙwan wuta na zamani yana jan kamar wat 10, dutsen guga kuwa wajen wat 1,000, wato abin da ƙwai ɗari za su ja a lokaci guda. Hitar ruwa da rishon lantarki su ma haka suke. Hanyar da ta fi adalci ita ce a ƙirga kayan kowane ɗaki a ba su maki, a biya bisa maki. A zaɓi mutum ɗaya mai riƙe littafi, ya riƙa nuna rasit ko saƙon sayen kati kowane wata. Mai bi kada ya ɓoye hita a ƙarƙashin gado ya ce ba shi da ita, kada kuma ya yarda a zagaye mita. Sata ce, kuma wayoyin da aka haɗa a ɓoye suna jawo gobara.

Janareta da gawayi

Wannan shi ne abin da ya fi haɗari. Hayaƙin janareta da na gawayi yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Takan fara da ciwon kai, jiri, kasala da amai. Mai barci kuwa ba ya farkawa. An sha samun iyali gaba ɗaya sun mutu a ɗaki domin an shigar da janareta baranda ko lungu saboda tsoron ɓarayi. A ajiye shi a waje, nisan kamar mita 6 daga ƙofa da taga, kuma a duba kada bakin hayaƙin ya fuskanci tagar maƙwabci. A lokacin sanyi, musamman a Jos, kada a kwana da kurfoti a ɗaki a rufe. Game da ƙararsa kuwa, a yarda da lokacin kashewa, misali ƙarfe goma na dare, kowa ya kiyaye.

Hayaniya, har da tamu

Muna saurin jin ƙarar rediyon wani, amma ba ma jin tamu. Addu'ar dare da waƙa da ganga a ɗakin haya tana hana jariri da mai aikin safe barci. Ubangiji yana jin addu'ar da aka yi a hankali. Idan za a yi taron addu'a na gida, ko suna, ko gaisuwar rasuwa, a sanar da maƙwabta kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a kuma tashi a kan lokaci. Idan maƙwabcinmu Musulmi ne, zai tashi da asuba ya yi alwala, a watan azumi kuma matarsa za ta yi girkin sahur tun kafin gari ya waye. Mu yi haƙuri da nasa kamar yadda muke so ya yi da namu. Naman da mun san addininsa ya hana, kada mu dafa shi a kicin ɗin da muke tarayya, ko a tukunyar da muka ara a wurinsa. Garuruwan da suka ga rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 sun san yadda ƙaramar magana take zama babba idan aka sa mata rigar addini.

Yara, aro da baƙi

A ƙauye kowane babba yana iya hukunta yaron da ya yi laifi. A birni hannu a jikin ɗan wani yana iya kai mutum gaban hukuma. A kai ƙara wurin iyayensa. Iyaye kuma kada su shiga faɗan yara. Su za su shirya kafin yamma, manya su yi wata uku ba sa gaisuwa. Aron gishiri da ashana ba laifi ba ne, amma abin da aka ara a mayar da shi cikin lokaci, kuma kada a ɗauki ruwan da wani ya saya a wurin 'yan garuwa ba tare da izini ba.

Maganar baƙi ta shafe mu da muke gida kai tsaye. Idan muka je asibiti ko neman aiki muka sauka a wurin ɗanmu, mu sani kowane baƙo ƙarin layi ne a banɗaki, ƙarin jarkar ruwa ne kuma. Mu buga waya kafin mu taso, mu faɗi kwanakin da za mu yi, mu riƙo ɗan hatsi. Kada mu tura yara uku su zauna da ɗan'uwa mai ɗaki ɗaya ba tare da mun tambaye shi ba. Kunya za ta hana shi ƙi, amma shi ne zai sha magana a wurin mai gida.

Idan an saɓa

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Ubangiji Yesu ya nuna mana matakai a Matiyu sura 18: fara zuwa wurin mutumin kai kaɗai, in bai ji ba ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, sa'an nan a kai gaban jama'a. A gidan haya haka za mu bi. Ka same shi lokacin da zuciya ta huce, ba a tsakar gida gaban mutane ba. Ka faɗi abin da ya faru da abin da kake roƙo, ban da zagin ƙabila ko iyaye. Habaici da waƙar zambo a bakin rijiya ba su taɓa gyara komai ba. In bai yiwu ba, a kira wani ɗan haya da ku biyu kuke girmamawa, sa'an nan mai kula da gida ko mai gida, sa'an nan mai unguwa ko fasto da liman. 'Yan sanda su zama na ƙarshe, sai dai idan akwai duka, barazana ga rai ko cin zarafin yaro. Wannan kam ba a ɓoye shi.

Ɗan haya kuma ya san haƙƙinsa. Ya karɓi rasit duk lokacin da ya biya, ya nemi yarjejeniya a rubuce. A Abuja da jihohi da dama, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan wata-wata yana da notis na wata ɗaya, mai biyan shekara kuwa na wata shida. Mai gida ba shi da ikon cire rufi ko watsar da kaya waje. Kotu ce take ba da umarnin tashi.

Aikin ikilisiyar gida

Kafin saurayi, budurwa ko sabbin ma'aurata su tafi, dattawa da Zumuntar Mata su zauna da su a kan waɗannan abubuwa. A ba su takardar shaida zuwa ikilisiyar da za su shiga, domin su sami wanda zai tsaya musu. A gaya musu su gaida kowane ɗaki a makon farko, su kuma karɓi lambar wayar maƙwabci ɗaya ko biyu. Ranar da naƙuda ta tashi da tsakar dare, wanda ke bayan bango ne zai nemo mota, mu da muke ƙauye sai da safe za mu ji labari. Maƙwabcin da bai taɓa shiga majami'a ba kuwa, abin da zai sani game da bangaskiyarmu shi ne abin da ya gani a tsakar gida.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

1. Mutum nawa daga ikilisiyarmu suke zaman haya a birni, kuma yaushe muka tambaye su yadda suke zama da maƙwabtansu?

2. Waɗanne halaye namu na ƙauye ne za su iya zama damuwa a gidan haya?

3. Wa za mu ɗora wa nauyin yi wa masu tafiya gargaɗi a wannan shekara?