Magani kyauta a likita: haƙƙin ɗan gari ne ko har da baƙo?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, Bune gari ne na mahaɗa. Akwai mazauna na asali, Barebari da Hausawa. Akwai Fulani da ke ratsowa da bisashe. Akwai ƴan cin rani da ke zuwa aikin kanwa da dabino a cikin kwari. Akwai kuma waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga jihar Difa tun shekarar 2015. Idan ɗan baƙo ya kwanta da zazzaɓi, sau da yawa uwa takan tsaya gida. Tana tsoron a ce mata ita ba ƴar gari ba ce. Wannan tsoro yana iya kashe yaro.

Yadda biyan kuɗin magani ya faro

A shekarar 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako. Suka amince jama'a su riƙa ba da nasu ƙoƙari, domin kada magani ya yanke. A 1993 Nijar ta gwada hanya biyu. A gundumar Say, babba yana biyan dala 40 duk sa'ad da ya zo da ciwo, yaro dala 20. A gundumar Boboye, kowane mai biyan haraji yana ƙara dala 40 a shekara. In ciwo ya zo, babba ya ba da dala 10 kaɗai, yaro dala 5. Wannan shi ne tushen inshora: mai lafiya ya zuba, marar lafiya ya amfana. A 1995 aka yi dokar biyan kuɗin magani a ƙasa baki ɗaya.

Su wa aka ɗauke wa biya?

A 2005 da 2006, zamanin shugaba Tanja Mamadu, gwamnati ta ɗauki nauyin waɗannan:
1. Yaro tun daga haihuwa har ya cika shekara 5.
2. Mace mai ciki da ta zo awo.
3. Macen da haihuwa ta gagara, aka yi mata fiɗa aka ciro jariri.
4. Mai neman maganin tazarar haihuwa.

A watan Satumba na 2024 kuma, gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita da na wasu ayyuka a asibitocinta. Ta ce haihuwa ma kyauta ce.

Ku duba wannan jeri da kyau. Babu inda aka ambaci ƙabila. Babu inda aka ambaci garin haihuwa. Shekarun yaro ake dubawa, da halin da mace take ciki. Ɗan makiyayin da ya sauka jiya da ɗan mai gari, haƙƙinsu ɗaya ne.

Takardun da ke taimako

Gardama takan tashi ne a kan shekarun yaro. Abin da ke kashe ta shi ne karnen lafiya da takardar haihuwa. Karne yana nuna ranar haihuwa da alluran rigakafin da aka yi. Mai ƙaura ya sa shi cikin leda, ya adana shi kamar kuɗi. Wanda aka yi wa haihuwa ya hanzarta sanar da hukuma. In an makara, sai an bi ta wajen alƙali. Ɗan gudun hijira ya riƙe takardar rajistarsa. Wanda ba shi da komai, ya nemi takardar shaidar rashin ƙarfi a ma'aikatar magajin gari.

To, manya fa?

Ma'aikacin gwamnati, hukuma tana ɗaukar kashi 80 cikin 100 na kuɗin kwanciyarsa asibiti. Manomi da makiyayi ba su cikin wannan. Hanyarsu ita ce asusun taimakon juna na lafiya, wanda dokar 2008 ta tsara. Yana kama da bankin cimaka: a zuba da kaka, a tsira da damina. A nan zubi ne ke ba da haƙƙi. Yawanci sabon shiga yakan jira ɗan lokaci kafin ya fara amfana. Don haka ba ranar ciwo ake shiga ba.

Inda gizo ke saƙa

Kyauta ba ta nufin babu mai biya. Gwamnati ce ke maida wa likita kuɗin. An sha yin jinkiri wajen biyan, har magani ya yanke, a rubuta wa uwa takarda ta je ta saya. Wannan yana samun ɗan gari, yana samun baƙo. Duk da haka, ku kai yaro a duba shi. In ciwon ya fi ƙarfin likitar ƙauye, za a tura shi asibitin Gure ko Damagaram. In kun biya wani abu, ku karɓi rasit. In kuna da kuka, ku kai wa kwamitin lafiya na gari.

Hausawa sun ce baƙonka Annabinka. Wanda ya koyi karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi, musamman wanda bai daɗe da sauka ba. Zazzaɓin damina ba ya jiran gobe.