Yadda Saiwar Hatsi Ke Jure Fari

Hatsin da ake dakawa a gidajen Maourey, cikin Yamai, yana girma ne a jigawa, inda yashi ba ya riƙe ruwa. Juriyarsa daga saiwa take. Siraran gashin bayanta ke tsotso ruwa, ya ratsa tsoka, ya iske zoben ƙwayoyin halitta da ke kewaye da jijiyoyin tsakiya. Bangon zoben yana da ɗamara wadda masanin tsirrai Bajamushe, Robert Caspary, ya bayyana a 1865. Ita ke tilasta wa ruwa bi ta cikin ƙwayoyin, a tace gishiri. In fari ya tsananta, saiwa takan ƙara shafe bangonta da subarin, wani sinadari mai maiƙo, don kada busasshiyar ƙasa ta janye ruwan da saiwar ta sha.