Ɗanɗanon Wasannin Kwamfuta: Alheri Ne Ko Tarko?

A kasuwar Rijau, cikin ƙasar Kontagora ta Jihar Neja, mai tsire ba ya ƙyashin yanka wa baƙo ɗanɗano, domin ya san wanda ya taɓa ya ji daɗi da wuya ya wuce bai saya ba. Wannan tsohuwar dabara ce kamfanonin wasannin kwamfuta suka ara. Sukan saki wani ɗan yanki na wasa kyauta, wanda ake ce wa demo, mutum ya buga ya gani, in ya gamsu ya biya kuɗin sauran. Tun da yake samari sun rungumi wasannin nan, wasu a wayar hannu, wasu a shagunan da ake buga ƙwallon PlayStation da janareto, ya kamata a auna amfanin abin da illarsa.

Babban amfaninsa shi ne yana hana cinikin biri a sama. Hoton talla ba ya gaya wa saurayi ko wayarsa za ta iya ɗaukar wasa, amma in ya buga na minti goma zai sani. Haka kuma mai shago, wanda jarinsa bai taka kara ya karya ba, yana iya ganin ko yara za su so sabon wasa kafin ya zuba kuɗinsa.

Su ma masu ƙirƙira sun ci moriyarsa. A shekarar 1993 wani ƙaramin kamfani na Amurka, id Software, ya ba da kashi na farko cikin uku na wasansa mai suna Doom kyauta, ya kuma yarda kowa ya kwafa wa abokinsa. Ta haka wasan ya game duniya. Tun daga 2021 kuwa, kasuwar intanet ta Steam takan shirya bikin Next Fest, inda ƙananan masu sana'ar ke baje ɗanɗanon ayyukansu.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙa ba. A 2013 wani masanin sana'ar, Jesse Schell, ya bayyana cewa alƙaluman cinikin na'urar Xbox 360 sun nuna wasannin da aka ba da ɗanɗanonsu sun sami kusan rabin cinikin waɗanda aka nuna majigin tallarsu kawai. Wani ɗanɗanon ya ishe shi, wani kuma ya ga aibi ya fasa. Ga kuma ɗawainiyar shirya shi. A 2020 kamfanin EA ya ƙi fitar da demo na FIFA 21, ya ce ya fi son ma'aikatansa su mai da hankali ga cikakken wasan.

Ga mutumin Rijau kuwa, abin da aka kira kyauta ba kyauta ba ne. Sai ya sayi data ya sauke shi, sa'an nan ya biya mai caji. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Bugu da ƙari, kamar yadda wani mai hatsi kan ɗora mai kyau a bakin buhu, haka kamfani kan zaɓi wuri mafi armashi ya sa a ɗanɗano.

Akwai kuma wani abin da ke kama da ɗanɗano alhali ba shi ba ne. A 2021 kamfanin Konami na Japan ya maye gurbin wasan ƙwallonsa na PES da eFootball, wanda ake saukewa ba a biya ko kwabo ba, amma ana sayar da 'yan wasa da sauran kaya a cikinsa. Ɗanɗano na gaskiya yana da iyaka, kuma kuɗin sauran a bayyane yake. Wannan kuwa ba ranar gama biya, sai dai in mai wasan ne ya kame hannunsa.

Saboda haka kafin yaro ya sauke wasa, ya kamata shi da iyayensa su san nauyin datar da zai ci, da kuɗin cikakkensa, da kuma ko za a riƙa neman ƙari a ciki. Kamfani ba ya ba da kyauta don Allah, kuma Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.