Ƙugun Kuromosom da Sirrin Ɓarin Ciki

Sau da yawa idan mace ta yi ɓari, akan ɗora laifin a kan sakacinta, ko aikin wahala, ko sammu. Alhali kuwa binciken likitoci ya nuna cewa kusan rabin cikin da ke zubewa a watanni ukun farko, kuskure ne aka samu a kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayoyin jiki.

Ɗan Adam yana da kuromosom 46. Ƙwan mace da maniyyin namiji kowanne 23 yake ɗauka, don haka wajibi ne a raba su daidai wa daida. Kowane kuromosom yana da wani matsattsen wuri kamar ƙugu, wanda masana ke kira sentiromiya. Nan ne igiyoyin da ke jan kuromosom lokacin rabuwa suke kamawa.

Ba rubutun DNA kaɗai ke nuna inda ƙugun yake ba. Wani furotin mai suna CENP-A, wanda William Earnshaw da Naomi Rothfield suka gano a Amurka a 1985, shi ne shaidar wurin. Yayin da maniyyi ke nuna, yakan zubar da yawancin furotin da ke naɗe da DNA ɗinsa, amma ya riƙe wannan, domin ya isar da shaidar ga ɗa.

Jarrabawar ƙwan mace ta fi tsanani. Tun tana cikin mahaifiyarta ƙwayayenta suke fara rabuwa, sannan su tsaya cak, wasu har shekara 40. A 2016 masu bincike a Jami'ar Fensilbeniya sun nuna cewa CENP-A yakan wuce shekara a ƙwan ɓera ba tare da an sabunta shi ba. Sai dai kohesin, ƙaron da ke manne tagwayen kuromosom a ƙugu, yakan yi rauni da shekaru. Idan ya saki, rabon ya karkace. Ta irin wannan hanya ce jariri kan samu kuromosom na 21 guda uku, wato lalurar Down, ko kuma cikin ya zube.

Wannan abu yana faruwa ne inda ido ba ya gani, kuma hannun mace ba ya kaiwa. Saboda haka wadda ta yi ɓari jaje ya kamace ta, ba gori ba. Idan kuwa ya maimaitu, miji ya raka ta wurin likita, a duba su duka biyun.