Kunkurun Ruwa: Mazaunin Kududdufi Mai Kwana Cikin Taɓo

Da zarar ruwan farko ya sauka, kududdufai da tafkunan ƙasar Hausa suka fara cika, sai a riƙa ganin wata ƙaramar dabba tana leƙo da hanci saman ruwa, ko tana ratsa hanya da sanyin safiya. Wannan shi ne kunkurun ruwa, wanda a wasu wurare akan kira kififiya. Tambayar da ɗalibi mai lura zai fara yi ita ce: ina ya kasance duk tsawon rani, alhali kududdufin nan ya bushe ƙurmus tun watanni da suka wuce?

Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Idan ruwa ya fara janyewa, kunkurun kan haƙa taɓo ya binne kansa, ko kuma ya fita ya nemi gindin ciyawa ya shige. A can numfashinsa da bugun zuciyarsa kan ragu ƙwarai, ya daina cin abinci, ya dogara ga kitsen da ya tara da damina. Abin da ya sawwaƙa masa haka shi ne jikinsa ba ya samar da ɗumi da kansa kamar na ɗan Adam ko na akuya, saboda haka abincin da yake ƙonawa kaɗan ne. Manoman fadama sun san irin wannan dabara wajen gaiwa, kifin nan da akan tono daga busasshen taɓo da ransa.

Masana kimiyya suna kiran jinsinsa Pelomedusa. An daɗe ana ɗaukar duk waɗanda ke Afirka, tun daga Senegal har Afirka ta Kudu, da na Madagaska da Yaman, a matsayin iri guda. A 2014 ne wasu masana suka binciki ƙwayoyin gadonsu, suka raba su zuwa iri 10. Wanda ake samu a Nijar da Nijeriya sunansa Pelomedusa olivacea.

Tsawon ƙoƙon bayansa ba ya cika wuce santimita 20, launinsa kuwa tsakanin ruwan ƙasa da kore-kore ne, daidai da taɓon da yake zama. Shi ƙoƙon nan haƙarƙari ne da ƙashin baya suka haɗe, don haka tatsuniyar da ke cewa kunkuru yana iya fita daga ƙoƙonsa ba ta da tushe. Wurin da ya sha bamban da kunkurun tudu shi ne wuya. Na tudu yakan janye kansa kai tsaye zuwa ciki, shi kuwa na ruwa lanƙwasa wuyansa yake yi gefe guda ya cusa kai ƙarƙashin bakin ƙoƙo. Wannan ba ya rufe shi sarai, amma yana da wani makamin: idan aka kama shi yakan fitar da wani ruwa mai ɗoyi wanda ke daɗewa a hannu.

Ba shi da haƙora, sai muƙamuƙi mai kaifi da farata. Yana cin ƙwari, da talibambam, da ƙananan kifaye, da dodon koɗi, da mushe, wani lokaci har da tsiron ruwa. A gandun dajin Etosha na ƙasar Namibiya an sha ganin danginsa sun yi taron dangi sun cafke kurciya da ta zo shan ruwa, sun ja ta cikin ruwa. A Afirka ta Kudu kuma an ga suna cire wa karkanda da gadu kaska yayin da suke birgima cikin taɓo.

Batun haihuwarsa ya fi kowanne ban mamaki. Macen kan fito tudu ta zaɓi wuri, ta jiƙa ƙasar da ruwan da ta ɗauko a mararta don ta yi laushi, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai, sau da yawa tsakanin 10 zuwa 30. Daga nan sai ta rufe ramin ta tafi abinta. Zafin ƙasa ne zai yi aikin ƙyanƙyasa cikin wata biyu da rabi zuwa uku. Kuma wannan zafin ne ke yanke ko ɗan zai zama namiji ko mace, domin gwaji ya nuna matsakaicin zafi ya fi ba da maza, wanda ya fi haka ko ya gaza kuwa mata. Ke nan sare itatuwan da ke yi wa bakin tafki inuwa yana iya karkatar da yawan maza da mata. Guza da damo kan tone ƙwan, zalɓe da manyan kifaye kuma su tsince 'ya'yan, shi ya sa kaɗan ne ke girma.

Jinsin bai shiga sahun dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu ba, sai dai gidajensa suna raguwa. A Kano an cike kududdufai da dama da shara an yi gini a kansu. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke ciyar da dausayin Haɗeja da Nguru. Kududdufin da aka cike da rani kuwa, ana cike shi ne da kunkurun da ke kwance a ƙarƙashinsa suna jiran damina.