Tumatir Daga Kadawa Zuwa Legas: Manomi Ke Ɗaukar Asara

Kowane rani manyan motoci kan tashi daga Kadawa ta Jihar Kano, shaƙe da kwandunan tumatir, su nufi kasuwar Mile 12 da ke Legas. Kafin su isa, na ƙasa ya matse ya ruɓe, dillali kuwa tuni ya zabge asarar daga kuɗin manomi.

Masana'antar Dangote da aka buɗe a Kadawa cikin 2016, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, ta tsaya a shekarar bayan tsutsa ta cinye gonaki. A 2017 gwamnatin tarayya ta ɗaga harajin shigo da markaɗaɗɗen tumatir zuwa kashi 50 cikin ɗari. Wannan kariya ce ga masu masana'antu. Manomi kuwa akwatunan roba yake buƙata, da farashin da aka tsayar tun kafin dashe.