Sana'ar Gyaran Tsofaffin Hotuna A Shehuri

Unguwar Shehuri ita ce cibiyar tsohon garin Yerwa, wato Maiduguri. A nan fadar Shehun Borno take tun shekarar 1907 da Shehu Abubakar Garbai ya tare a garin, kuma a Dandalin da ke ƙofar fadar ake hawan salla. Saboda haka tsofaffin gidajen unguwar ba sa rasa hoto rataye a bango, ko na wani Shehu, ko na kakan gida bisa doki da rawani, ko na wata hajiya ranar da ta dawo daga Makka.

Ranar Talata 10 ga watan Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Kogin Ngadda ya cika ya batse, ruwa ya mamaye babban ɓangaren birnin, irin wanda rabon a gani tun 1994. Ruwan ya shiga fadar Shehu da Shehuri da Gwange da Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. An yi hasarar rayuka da dukiya. Bayan da ruwa ya janye, wanda ya rasa katifa ko buhun masara yana iya samun wani, amma albam ɗin da ya kwana cikin taɓo babu kasuwar da ake sayar da irinsa. Wannan shi ne ya ƙara wa sana'ar gyaran hoto daraja, duk da kasancewarta ƙaramar sana'a ce wadda shago ɗaya yake isarta.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, fuskar hoton da aka wanke a situdiyo wata ɓawa ce siririya mai danƙo. Idan ta jiƙa sai ta kumbura ta yi laushi, ta manne da 'yar'uwarta ko da gilashin firam. A zafi irin na Borno kuwa, cikin kwana biyu ko uku fumfuna ta fara cinta. Mafi yawan ɓarnar ma ba ruwa ne yake yinta ba, masu hoton ne da kansu, domin wani yakan ɓamɓare hotunan da suka manne da ƙarfi, wani ya goge taɓon da tsumma, wani ya shanya a tsakar rana har takardar ta nannaɗe. Gwanin aiki yakan tsoma su cikin ruwa mai tsabta mai sanyi har su rabu don kansu, ya ɗauraye ba tare da ya taɓa fuskar ba, sa'an nan ya shimfiɗa su a inuwa fuskar tana sama. Wanda ya manne da gilashi kuwa ba a tilasta shi, sai a ɗauki kwafinsa ta cikin gilashin. Haka aka yi a ƙasar Japan bayan igiyar ruwan teku ta 2011, inda masu aikin sa kai suka wanke ɗimbin hotunan da aka tsinto cikin taɓo, suka baje su don iyalai su zo su gane nasu.

Daga nan sai a sa hoton a sikana ya shiga kwamfuta, inda ake sauran aikin da manhaja irin su Photoshop: a cike inda gara ta ci, a ɗinke inda ya yage, a gyara launi. Wani abin mamaki shi ne, hoton baƙi da fari na zamanin Shehu Sanda Kyarimi, wanda ya rasu a 1967, ya fi hoton kala na shekarun 1980 ƙarko. Dalili kuwa shi ne na farkon da sinadarin azurfa aka yi shi, na biyun kuwa rini ne kala uku, kuma ba tare suke kodewa ba. Shi ya sa hotunan bikin wancan lokaci suka koma ja-ja.

To, a nan ne ake gane mai amana. Yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira waɗanda cikin ƙiftawar ido suke mai da dusasshiyar fuska ta fito tas. Amma ba dawo da abin da ya ɓace suke yi ba, cike gurbi suke yi da fuskokin da aka koya musu. Sau da yawa sukan ɗauki zanen fuska irin na Barebari a matsayin tabo su share shi, su sake wa tsohuwa hanci da idanu, har a miƙa wa jika kyakkyawan hoton wata mata da bai taɓa sani ba. Mai gyaran da ya san aikinsa yakan tambayi dangi kafin ya taɓa fuska, in kuma rabin fuskar ya tafi babu wani hoton da za a gwada da shi, gara ya faɗi gaskiya ya bar wurin a dushe.

Wannan magana ba ƙarama ba ce a Borno. Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, mutane da yawa sun rasu, wasu sun ɓace. Ƙungiyar agaji ta duniya ta Red Cross tana da sunayen mutane fiye da 20,000 da danginsu ke nema a Nijeriya, akasarinsu daga arewa maso gabas. Iyalin da suka gudo daga Bama ko Gwoza ko Kukawa, abin da ya rage musu na mahaifi yakan zama ɗan hoton fasfo ne ko katin shaida. Idan aka sake fuskar da ke kansa, an ɓatar da mutumin karo na biyu.

Gyara shi kaɗai ba ya riƙe shago, domin hoto ɗaya yana iya cin yini guda, kuma mai shi ba zai biya kuɗin yini ba. Ribar tana wajen bugu a kan kanbas, wato ƙyallen nan mai kauri da ake bugawa a miƙe shi a kan firam ɗin katako a kafe da ƙusa. Ba ya bukatar gilashi, ba shi da nauyi, ba ya fashewa in ya faɗi. Hotunan amare da na sarakuna da na shugabanni da ake ratayewa a ofisoshi su ne suke ciyar da shagon. Babbar firinta tsada gare ta, don haka ƙaramin mai shago yakan gama aikinsa a kwamfuta ya kai wa mai injin a buga masa. Akwai kuma ha'inci a nan, domin tawada iri-iri ce. Mai araha ta rini tana da ƙyalli ranar farko, amma hasken rana yana kodar da ita da wuri, ita kuwa ta garin launi ta fi tsada ta fi daɗewa. Mai saye ba zai bambance su da ido ba sai bayan an kwana biyu.

Sauran matsalolin duk mai sana'a a Maiduguri ya san su. A watan Janairu na 2021 aka lalata turakun wutar lantarki da ke kawo wuta daga Damaturu, garin ya daɗe cikin duhu, har aka buɗe tashar wuta mai amfani da iskar gas a 2023. Firinta kuwa in ta kwana biyu ba ta aiki sai tawada ta bushe a kanta, ga ƙurar hunturu, saboda haka janareta ko sola ya zama dole. Tawada da kanbas da takarda duk daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuma faɗuwar darajar Naira tun daga Yunin 2023 ta ɗaga farashinsu ƙwarai.

Wanda zai kai hoto gyara, ya nemi a dawo masa da na ainihin komai lalacewarsa, a kuma ba shi kwafi biyu a waya, wanda aka gyara da wanda ba a taɓa ba, ya aika wa dangi da ke wani gari su ma su ajiye. In kuma akwai dodon hoton a tsohon akwati, a haɗa da shi, domin sau da yawa ya fi takardar fito da fuska.